Faifan da Alhaji Ya Shanya

Yayana Abdu mai gyaran rediyo ne a Maraɗi, kuma duk wanda ya taɓa shiga shagonsa ya ga garmahon da ke kusurwa, lulluɓe da farin zane. Ba irin na da ba ne mai ƙaho da ake wanawa da hannu. Wannan na lantarki ne, gindinsa baƙin katako, farantinsa ƙarfe mai nauyi, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Wani Bature injiniya ne ya sayar masa da zai koma ƙasarsu, tun ina lakwal, wato makarantar boko.

Saboda garmahon nan Yaya ya fasa daɓen shagonsa ya zuba dakalin siminti, don kada manyan motocin da ke wucewa Najeriya su girgiza shi. Ya ari ma'aunin magina ya yini yana gwadawa har dakalin ya daidaita. Mutum ne da zai yini da riga a baibai bai lura ba, amma ɗan zare ya maƙale a bakin allura sai ya gan shi.

Faifai guda ne dalilin duk wannan wahala. Babanmu makaɗin noma ne a Jiratawa, shi ke kaɗa wa manoma ganga ranar gayya. Sau ɗaya a rayuwarsa aka kai shi Najeriya da 'yan amshinsa aka ɗauki muryarsu, ya dawo da faifai ɗaya tak. Ya rasu ina shekara huɗu. Ban riƙe fuskarsa ba, muryar da ke cikin faifan nan ita ce uban da na sani.

Babban ɗan amshinsa shi ne Nomau na Tsibiri, wanda ya haifi Zakariya'u. A gidanmu Zakariya'u ya sha cin tuwo kwano ɗaya da Yaya. Da ya girma ya kama cinikin fetur ya yi arziki, ya je Makka, sai muka fara jin wai babansa malami ne. Tsofaffin da suka san gaskiya kuwa a ƙofar gidansa suke cin shinkafa, sai duk mantuwa ta kama su.

Wata bazara Alhaji Zakariya'u ya zo shago ya ari faifan, wai zai sa a juye masa a kaset. Yaya ya naɗe shi a zane ya ba shi hannu biyu. Bayan kwana goma ya dawo da shi a gaban 'yan majalisar da ke zama gindin bishiyar bedi, tsallaken shagon. Faifan ya lanƙwashe kamar busasshen tumatir. Daga baya matarsa Fadila ta gaya mini a gidan suna cewa da hannunsa ya ɗora shi kan rufin kwano, ya bar shi kwana uku a rana.

"Rana ce ta taɓa shi," in ji Alhaji. "Gara haka ma, Abdu. Mi za ka yi da roƙo?"

Majalisa ta yi dariya. Ni da labarin ya iske ni na ɗaura zane na ce sai na je tsakiyar kasuwa na tona masa asiri. Yaya ya hana ni, ya ce baki da baki ne, kuma bakin mai kuɗi ya fi nawa ƙara. Na kira shi matsoraci, na yi gaba da shi har kaka. Na tsani Alhaji, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Ashe Yaya ya ɗauki aiki. Ya samo gilashin taga guda biyu masu kauri. Sai ya sa lanƙwasasshen faifai a tsakaninsu, ya fitar da shi ranar hantsi gwargwadon shan kofin shayi, ya mayar inuwa, ya danne da buhun gero har kwana biyu. Bai fara da na Baba ba. Tsofaffin fayafayen da mutane ke zubarwa yake tsinta, ya lanƙwasa su da gangan, ya gwada miƙe su. Ya ƙona fiye da talatin kafin ya gane cewa ranar sanyi ce kawai ke yi, ta bazara narkarwa take. Da ya taɓa na Baba kuwa, sau ɗaya yake fitar da shi a shekara, don tsoro. Ana cikin haka allurar garmahon ta cinye, aka rasa irinta ko a Kano, sai bara wani direba ya samo masa. Shekara ashirin da uku ke nan.

Wata Juma'a bayan masallaci ya kira ni a waya ya ce in zo yanzu. Na hau kabu-kabu. Na tarar ya juya lasifika ta fuskanci ƙofa, Alhaji kuma yana gindin bedi da jama'arsa, gemu ya yi fari, ana ta yi masa fadanci. Yaya ya goge faifan, ya murɗa nauyin da ke bayan hannun garmahon kaɗan-kaɗan, don har yanzu akwai ɗan tudu da allura za ta hau. Sannan ya sauke ta.

Ganga ta fara, Baba ya ɗauka. Na zauna a ƙasa ina kuka, ban ji kunyar kowa ba. A tsakiyar waƙa, kamar yadda makaɗa ke yi, Baba ya shiga kiran 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta tsallaka titi tar: Nomau na Tsibiri, uban Zakari, karɓa mini. Sai wata siririyar murya ta karɓa ita kaɗai.

'Yan majalisa suka juyo suka fuskanci shago. Wani tsoho ya manta da shinkafa ya ce wallahi Nomau ne. Alhaji ya miƙe, na gyara ɗamara don na ɗauka faɗa zai zo. Ya tsallako titi ba takalmi, ya tsaya bakin ƙofa. Rabonsa da muryar marigayi ubansa ya fi shekara arba'in. Yaya ya dube shi, ya sa yatsa ɗaya ya ɗage allura, Nomau bai ƙarasa kalmar da ya fara ba.

"Abdu, don Allah maida shi," in ji Alhaji. "Ko baiti guda."

"Mi za ka yi da roƙo, Alhaji?" Yaya ya ce, ya ja farin zanen ya rufe garmaho.

Tun ranar nan kowace Juma'a Alhaji yana zuwa ya zauna kan bencin shago. Yaya yana ba shi shayi, yana sa masa duk faifan da ya ga dama, ban da wancan. Ni kuwa idan ina son jin Baba, sai ya karɓe wayata, ya rufe ƙofa, ya rage sauti. Fadila ta zo gidana sau biyu ta ce in sa baki, wai tsohon ba ya cin abinci. Na ba ta ruwa ta sha, na raka ta ƙofa. Ni shekara ashirin da uku na yi ban ji ubana ba. Shi yanzu ne ya cika wata bakwai.