Tsoho Mai Duba Ƙafar Giwa

Viorica tana sayar da dafaffiyar masara a bakin tantin masu wasa da dabbobi a garin Brăila, amma idonta ya ƙi barin wani tsoho. Gajere ne, kwat ta yi masa yawa, aljihunsa ya kumbura da tuffa.

Bana an daina kawo giwa mai rai. Wadda ke tsaye a ƙofa ta gora da ƙyalle ce, mutum huɗu na cikinta suna kaɗa kunnuwa. Duk da haka tsohon bai tunkare ta gaba-gaɗi ba. Ya zagayo ta gefe, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ni ne, uwata, kada ki firgita." Ɗan kallo ba ya haka, in ji Viorica a ranta. Wannan ya sha kwana a ciyawa kusa da ta gaske.

Ya durƙusa da ƙyar yana shafa ƙafar baya, daidai inda sarƙa kan ci fata.

"Baba, ƙafata ce fa kake lalube," in ji wata mace daga cikin ƙyallen.

"Tana miki ciwo, 'yata?"

"Takalmi ne ya matse ni."

"In an tashi kya cire abinki. Tawa giwar, shekara talatin ba a cire mata sarƙa ba, kuma ni ne mai ɗaurawa."

Ya tura mata tuffa, ya cire hularsa.

"Na gode muku. Yau dai zan kalli wasa ban sunkuyar da kai ba."