Cire-Ɗaya da Kwamfutar da Ta Ƙi Buɗewa

Cire-Ɗaya ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da takwas yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago da ke tsakanin mai wanki da guga da mai buga takardu, kuma duk wanda ya kawo masa kaya sai ya sha karatu iri ɗaya. In abu ya lalace, ba a taɓa wuri biyu a lokaci guda. A cire ɗaya, a gwada. In bai tashi ba, a mayar da shi, a cire na gaba. Ba shi da sauri, ba shi da yawan fara'a, amma abin da ya gyara ba ya dawowa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, takan ce ko miya ce ta yi gishiri, sai ya nemi a tsame kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya a gano mai laifi.

A kan teburin shagon nan ya ciyar da 'ya'ya uku, ya kai su makaranta har suka kama gabansu. Rediyo ta ja baya, ya koma talabijin. Talabijin ta sirance ta koma kamar faranti, ya bi ta. Da ya ga na zamani ba sa gyaruwa sai da zanen wayoyin cikinsu, sai babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta ba shi tsohuwar kwamfutarta, ta koya masa yadda ake nemo zanen a adana. Aka ajiye ta a kusurwar falo, a kan teburin da Malama ke duba littattafan ɗalibai a da. Kullum da safe kafin ya fita sai ya zauna, ya buɗe zanen abin da zai gyara ranar, ya kwafe wurin da yake buƙata a bayan kwalin sabulu.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Wata huɗu ke nan ƙaramin yatsansa na hannun dama da na kusa da shi sun daina jin komai. Suna motsi, suna lanƙwasuwa, amma kamar na aro. Ƙananan kusoshi sun fara suɓuce masa, sai ya ɗora wa hasken shago laifi. Wata rana ƙarfen narka dalma ya kwanta a gefen yatsan, bai sani ba sai da ya ji ƙauri. Ya naɗe wurin da tsumma, ya ce wa Malama murfin wata talabijin ne ya yanke shi.

Tsoro ne ya hana shi faɗa, ba wani abu ba. Ya ga yadda aka yi da maigidansa da ya koya masa sana'a. Da idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka kulle shagon don tausayi, suka saya masa kujera mai laushi suka ajiye a ƙofar gida. Mutumin da ke gane ciwon rediyo daga ƙararta ya koma ƙidayar motoci masu wucewa, bai cika shekara biyu a kujerar ba ya rasu. Ita kuwa Uwata tun bara take cewa, “Baba, ka huta haka nan mana.” Ya san da zarar ta ji maganar yatsun nan, mukullin shago ya bar aljihunsa.

Ranar wata Alhamis aka kawo masa na'urar lasifikar wata makaranta, ana so a yi taron iyaye da ita ranar Litinin. Washegari da safe ya zauna gaban kwamfuta zai buɗe zanenta. Allo ya haska, ɗan akwatin da ake rubuta kalmar sirri ya fito kamar kullum. Kalmar tasa da babban harafi take farawa, don haka ya ɗora yatsa a kan dogon maɓallin nan na gefen dama da ake dannewa in ana son babban harafi, ya gyara zaman tabarau da ɗaya hannun, ya laluba ya sami harafin, ya danna. Ba abin da ya fito. Ya sake dannawa, ya bi duk maɓallan yana ƙwanƙwasawa. Akwatin na nan fari fat, kwamfuta ta daskare.

Ya kashe, ya kunna, haka. Ya sake, haka.

Wani zai fara dukan kwamfutar ne ko ya tsine wa masu ƙera ta. Shi kuwa har wani daɗi ya ji, irin na mutumin da aiki ya zo gidansa ya same shi. Ya yago kwali, ya rubuta duk abin da ke jone da ita, ya jera. Ya cire firinta, ya kunna, ya gwada, ya ja layi. Ya mayar, ya cire filashin adana bayanai da ke maƙale a bayanta tun bara, ya gwada, ya ja layi. Maus, layi. Ya canza wa wayar kibod rami, layi. Kowane gwaji sai ya jira ta mutu ta sake tashi, ita kuwa tsohuwa ce, tashinta kamar na mai ciwon gwiwa.

Malama ta leƙo daga kicin. “Injiniya, yau ba shago?”

“Ga shago nan ya biyo ni gida.”

“Ka kira 'yarka mana. Ita ta san halin kayarta.”

“In na kira ta me zan ce mata? Ban gama bincikena ba.”

“To, Allah ya ba da sa'a. Shayinka dai ya huce.”

Da rana ya kwance murfin. Ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya zare 'yan allunan nan biyu da kwamfuta ke riƙe aiki a kansu, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar da ɗaya ya gwada, sannan ɗayan. Ya auna ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da mitarsa, ya tarar da ƙarfinsa. Wajen mayar da murfi kusa ɗaya ta suɓuce masa ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya waiwaya ya tabbatar Malama ba ta gani ba, sannan ya durƙusa ya ɗauko.

Ranar Asabar ya je wurin maƙwabcinsa mai buga takardu, mutum mai kwamfuta uku da baki ɗaya da ba ya hutawa. Tun bai gama bayani ba mutumin ya yanke hukunci.

“Ƙwayar cuta ce. Kawo ta in wanke ta tas, in zuba mata sabon komai.”

“Da zanena na shekara tara a ciki?”

“To ai haka ake yi.”

“Haka kuke yi. Yaro na tari sai ku ce a sake haihuwarsa. Ara mini kibod ɗaya dai.”

Ya dawo da kibod ɗin aro a hammata, ya jona, ya kunna, ya ɗora yatsa, ya laluba harafi. Ta daskare. Nan ne daɗin ya fara gushewa, don abubuwan da ke kan kwalin sun ƙare, kuma jibi ne Litinin. Ya kashe ta, ya sake kunnawa, ya tashi ya shiga wanke hannu yana magana shi kaɗai.

Da ya fito sai ya tarar da Malama zaune a kujerarsa, allo a buɗe, ga jerin zanensa nan reras.

“Me kika taɓa?”

“Abin da ka rubuta ka manna a ƙarƙashin tebur. Na buga, ta buɗe.”

“Haka kawai?”

“Haka kawai. Wataƙila ta fi son hannun malamai.”

Bai yi dariya ba. Ya ce wannan shi ne mafi munin ciwo, mai zuwa ya tafi, wanda ke ɓuya in ya ga baƙo. Mai hankali da sai ya kwafe zanensa a lokacin ya wuce shago, amma shi ba ya barin abu bai san dalilinsa ba. Ya ce ta tashi, ya kashe kwamfutar da hannunsa, ya kunna, ya zauna. Ta daskare. Malama ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta kalli fuskarsa, ta fasa.

Sai ya tuna shi mutumin rediyo ne, da kunne ya saba kama laifi. Kwamfutar kuwa ba ta da murya, don tun shekara biyu da suka wuce ya cire 'yar sifikarta ya sa wa rediyon wani tsoho da ya matsa masa. Ya buɗe jakar aikinsa, ya zaro wata sifika, ya jona mata. Ya kunna, ya jira akwatin ya fito, ya ɗora yatsa, ya kai hannu ga tabarau. Kafin ya taɓa harafin farko sai ga wani ɗan siririn fito ya fita daga sifikar, yana hawa sama. Daga nan komai ya tsaya.

Ya maimaita sau uku, sau uku tana fito. Yanzu yana da abin faɗa, don haka ya ɗauki waya ya kira 'yarsa, ya sa muryarta a bayyane don hannunsa ya samu sarari. Malama ta jawo kujera ta zauna a damansa.

“Uwata, kwamfutar nan taki ce take mini fito kamar mai kiran kare, sannan ta ƙi karɓar rubutu.”

Ta yi dariya. “Baba, fito kuma? Kafin ka fara rubutu ko bayan ka fara?”

“Kafin.”

“Au, na gane. Maɓallin babban harafi na dama ne. In aka danne shi aka daɗe ba a saki ba, sai ta ɗauka mai amfani da ita hannunsa ba shi da lafiya, sai ta daina kula taɓawa ta sauri, sai wadda aka danna aka riƙe. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi shi, don masu matsalar hannu. Duba ko maɓallin ya maƙale ne, ko wani abu ya faɗa ciki.”

“To,” ya ce. “Zan duba.”

“Ka gaishe da Mama. Ina cikin aiki, zan kira anjima.”

Ya ajiye wayar. Idonsa na kan allo, hannunsa na dama a shimfiɗe a gefen kibod, ya shiga yi wa Malama bayani da muryar da yake yi wa masu kawo gyara. Ya ce maɓalli ne ya maƙale, ba wani abu ba. Ya ce roba ce a ƙarƙashinsu, in ta tsufa takan kwanta ta ƙi tashi.

“Wannan ɗin ai na aro ne,” in ji Malama.

“Shi ma tsoho ne. Kin ga mutumin nan ba ya kula da kaya, yana cin abinci a kansu. Gobe in an buɗe kasuwa zan sayo sabo dal, ki ga yadda za ta—”

“Baban yara.”

Ba ta cika kiransa haka ba.

“Dubi hannunka.”

Ya duba. Ƙaramin yatsansa na tsakanin yatsunta biyu, ta kafa masa farce daidai kusa da tabon ƙunar, ta matse har wurin ya yi fari. Ga alama ta daɗe a haka.

“Tun kana magana da ita na kama,” ta ce. “Ina ƙara ƙarfi, ina jira ka ce wash.”

Ya zuba wa yatsan ido kamar na wani ne aka ajiye masa a tebur. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana koyon aiki. A ƙarƙashin kunyar kuma sai ya ji wani sauƙi da bai yi tsammani ba, don ɓoyon ya gajiyar da shi fiye da yadda ya sani. Ta saki. Sawun farcenta ya zauna a fatar, jini ya ɗan taso.

“Tun yaushe?”

“Wata huɗu.”

“Shi kaɗai?”

“Da na kusa da shi.”

Ta tashi ta ɗauko auduga, ta dawo ta goge wurin a hankali, duk da ta san ba ya ji. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce mata lasifikar makarantar nan dai sai ya gama ta, ya riga ya yi alkawari. Ta ce ba ta hana ba, ita za ta buga masa kalmar, in ya so ma ta bi shi shago ta riƙe masa kusoshi. Ya ce in yarinyar nan ta ji, shi ke nan, za su rufe masa shago. Ta ce wataƙila su rufe, wataƙila kuma likita ya ce jijiya ce ta danne, a gyara. Ita ba ta sani ba, shi ma bai sani ba, tunda ba a duba ba.

Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Malama ta kalli sunan, ta tura masa ita gabansa, ta naɗe hannuwanta. Ya bari ta yi ƙara har sau huɗu kafin ya ɗauka da hagu.

“Baba, na samu sarari. Ka duba maɓallin? Ta buɗe?”

“Na duba, Uwata,” ya ce. “Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Hannuna ne.”