Maganar da Na Yi a Kan Benci

Ni mahauci ne. A kwatar Agege nake fiɗa tun gemuna bai fito ba, yanzu ya yi fari, gwiwa kuma in na tsuguna sai na dafa wani abu kafin in miƙe.

Muna da benci. Bayan la'asar, in an wanke wuƙaƙe an watse daga kwata, mu huɗu muke zama a gefen rumfar wani mai shayi kusa da layin dogo. Akwai dattijonmu mai sayar da goro, ya girme mu duka, Baba muke ce masa. Akwai wani tsohon direban tirela da ciwon ido ya sauke shi daga mota, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu. Sai abokina mai sayen ƙiraga, wato fatun shanu. Shi garinmu ɗaya, unguwarmu ɗaya, rana ɗaya aka yi mana kaciya, mota ɗaya ta kawo mu Legas. Shekara da shekaru duk ƙirgin da ya zo hannuna shi nake ajiye wa, ko da wani ya riga shi zuwa.

Hirar benci ba kai ba gindi. Tsadar albasa a kasuwar Mile 12, ciwon baya, kwandastan motar haya ta danfo da ya zagi wane. Mu tsokani Baba kan haƙoransa da goro ya rina, shi kuma ya ce mu mahauta ko an wanke mu da sabulun duniya ƙuda zai gane mu. Direba ya kawo labarin ranar da ɓarayi suka tare shi a hanyar Jebba, labarin da muka ji sau ba adadi, kullum ɓarayin ƙaruwa suke yi. Mutum ya faɗi abin da ya zo bakinsa, a yi dariya, a tashi sallar magariba. Ba wanda yake ɗaukar maganar benci ya tafi da ita. Haka na sani.

A gida, can ƙasar Katsina, babanmu ya rasu ya bar gida ɗaya. Ni da yayana ne maza. Ba a je gaban alƙali ba. A gaban liman aka ce yaya ya riƙe sashen gaba tare da tsohuwarmu, ni in ɗauki filin baya inda turken awaki yake. A wannan fili na gina ɗaki biyu. Ba lokaci ɗaya ba. Shekarar da aka samu sarari a buga bulo, wata shekarar a ɗora kwano, wata a sa ƙofa da taga. Ban taɓa kwana a ciki ya wuce mako biyu a jere ba. Amma duk ranar da mai gidan da muke haya ya tsaya a tsakar gida yana faɗa da Yarabanci kan ruwa ko shara, ina jinsa ina cewa a raina, yi abinka, ina da inda zan tafi ranar da hannuna ya daina riƙe wuƙa.

Wata rana yaya ya kira ni da safe, ina tsakiyar fiɗa, hannu duk jini. Ya ce ruwa ya ci gindin katangar baya, in yi wani abu. Ranar dama raina a ɓace yake, saniya ta take mini ƙafa, oga kuma ya yi mini tsawa a gaban mutane. Da yamma na isa benci ina ɗingishi. Aka shiga hirar gida, ana maganar 'yan bindiga da yadda hanya ta lalace, sai Baba ya tambaya wa ma zai koma a cikinmu in ya tsufa. Direba ya ce shi ko gobe. Ni kuwa na ce:

"Ni kam na yafe. Ɗakunan nan ba abin da suke kawo mini sai kiran waya. Mai so ya ɗauka, ko kaji su kwana a ciki. A nan Agege za ku binne ni."

Aka fashe da dariya. Baba ya ce ƙasar Legas ruwa ce, kabarin mahauci sai an sa masa kwale-kwale. Mai ƙiraga ya ce, "Ka faɗa da bakinka fa." Na ce na faɗa, a ƙaro mini shayi. Washegari na aika a gyara katangar, na manta da zancen.

Bayan kamar shekara, mai ƙiraga ya gaya mana zai aurar da 'yarsa ga ɗan yayana. Na yi murna ƙwarai. Yarinyar a nan Agege aka haife ta, ni na yanka ragon sunanta, daga baya aka kai ta gida wajen kakarta ta girma a can. Na ce masa abota ta zama zumunci. Ban samu zuwa bikin ba don ya faɗo kusa da babbar sallah, kuma mahauci ba ya motsawa a wannan lokaci. Na haɗa kilishi da atamfa na ba shi ya kai. Ya dawo ya ce biki ya yi kyau, kowa yana gaishe ni. Ban tambayi inda aka kai amarya ba. Me zai sa in tambaya?

Shekara bakwai ban kai iyali gida ba, saboda hanya. Bara da hutun makaranta na damina ya zo, na ce ko me zai faru sai mun je, tsohuwa ta ga jikokinta. Matata haifaffiyar Agege ce, ƙauye ba ya burge ta, amma ta yi ƙoƙari. Ta haɗa tsaraba, manja da garin rogo da kwakwa, da turmin zane na tsohuwa. Da na faɗa a benci, mai ƙiraga ya tambaya ko da iyali duka za mu. Na ce duka. Ya ce da shi ne da ya bari sai baɗi, hanya ba kyau. Direba kuwa yana ta juya cokali a kofi. Na ɗauka tausayina suke ji.

Kwana ɗaya da wuni muka yi a bas. Mun isa da hantsi, gari kore shar, gero ya kai kafaɗa. Aka fito aka tarye mu da murna, ba zan ɓoye ba. Yaya ya sa aka kama kaji biyu aka yanka. Tun nan jikina ya fara ba ni wani abu, don a gidanmu ba a yanka wa ɗan gida kaza, baƙo ake yanka wa. Sai na ga an kwashi jakunkunanmu an nufi shagon ƙofar gida, inda ake saukar da baƙi. Matata da 'ya'yana mata aka ce su shiga ɗakin tsohuwa. Na ce a kai kayan baya mana. Yaya ya ce a sha ruwa tukuna.

Ban sha ba. Na zagaya baya. An ja sabuwar katanga ta raba filin da sauran gidan, an shafa wa ƙofofina shuɗin fenti, labule a kowace. Ta taga ina hango jeren kwanuka. Amaryar, 'yar abokina, ta fito da ciki ya tsufa, ta durƙusa har ƙasa da ƙyar, ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Mun gode, Allah ya saka da alheri." Ita da gaske take godiya. An gaya mata kyauta ce na yi musu.

A zaure yaya ya warware mini. Ya ce da maganar aure ta taso ba wurin da za a sa su. Sai surukinsa, wato abokina, ya ce ai ni na yafe sashena, a gabansa na faɗa. Liman ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba a maganar gado. Sai aka kira direba a waya, aka ɗaga muryar wayar a gaban liman da mai unguwa, aka tambaye shi ko ya ji na ce na yafe, mai so ya ɗauka. Ya ce ya ji. Aka shafa fatiha.

Na tambayi yaya, wayar da ta kira direba ba ta san lambata ba ne? Ya sunkuyar da kai ya ce an ga kamar rashin kunya ne a tambayi mutum kyautar da ya riga ya yi, kamar ana so ya janye. Na ce amma da katanga ta ɓalle ka san lambar.

Abin da ya fi ƙona mini rai a ɗakin tsohuwa na same shi. Idonta ya yi rauni, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "An ce ka ce a can za a binne ka. Na yi kuka na gaji, na haƙura." Ashe ba maganar ɗakunan kaɗai suka kawo gida ba, har wannan. Shekara guda tana ɗauke da shi, duk kiran da nake yi mata ba ta taɓa faɗa ba. Na ce mata wasa nake yi, Inna. Ta ce ita ba ta san ana wasa da irin wannan ba.

Na je wajen liman. Mutumin kirki ne, ya saurare ni. Ya ce in na rantse ban yi niyyar kyauta ba, magana za ta dawo sabuwa, haƙƙina ne. Sai dai in sani sai an sake tara mutane, a tsayar da yayana da surukinsa, a kuma fitar da mai ciki daga ɗaki cikin damina. Na ce zan yi tunani. Da na koma gida tsohuwa ta riga ta ji inda na je. Ba ta ce in bari ba. Cewa ta yi kawai mu biyu ne maza gare ta, ba ta so ta mutu muna gaban mai unguwa.

Mako biyu muka yi niyya, kwana biyar muka yi. A kwanakin nan duk wanda ya zo gaishe ni, bayan ya tambayi Legas sai ya ce yaushe za mu koma. Ba da wata manufa ba, tambayar da ake yi wa baƙo ce. 'Ya'yana ba su san komai ba, suna ta cin gasasshiyar masara, ana yi wa Hausarsu dariya suna ramawa da Yarabanci. Matata ce ta gane. A bas ta ce mini in yi haƙuri, ba ta ƙara ko kalma ba, na kuma gode mata da hakan.

Ranar da muka dawo ban je benci ba, sai rana ta uku. Duk suna nan. Baba ya fara tsokana, wai ina tsarabar fura. Ban zauna ba. Na dubi mai ƙiraga na ce na ga ɗakin amarya, fenti ya yi kyau.

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"To ƙarya na yi maka?"

"A kan bencin nan sau nawa ka ce ka saki matarka? Na taɓa zuwa na gaya mata ta fara idda?"

Ya ce wannan daban. Ya ce ɗakunan a kulle suke shekara da shekaru, gara na ci, kuma ɗan yayana ai ɗana ne, 'yarsa 'yata ce, me ya fita daga gida? Na ce masa da ya zo ya roƙe ni, wallahi da na ba su aro su zauna har su gina nasu. Ya sani. Aro ne ba ya so.

Direba ya ce shi tambayarsa aka yi ko ya ji, ya ce ya ji, ba a tambaye shi ko wasa ne ba. Na ce amma kai ka fi kowa dariya ranar. Ya juya kai yana kallon layin dogo.

Baba bai san komai ba sai a lokacin. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya rufe goronsa da ganye, ya ɗaure kwandon, ya ce shi ya tsufa, ba zai iya zama inda sai ya auna kowace kalma kafin ya furta ba. Ya tashi tun ba a kira magariba ba. Yanzu a ƙofar masallaci yake zama.

Ni da mai ƙiraga muna haɗuwa kullum a kwata, ba yadda za a yi. Mu gaisa, ya tambayi iyali, in ce lafiya. Ƙiraga kuwa wanda ya fara zuwa shi ke ɗauka. Bayan la'asar gida nake wucewa, in zauna a bakin ƙofa ina jin rediyo, maƙwabta suna ta harkarsu. Wani ya ce mini ana samun fili can bayan Sango, a wajen Legas, in mutum ya daure. Na je na gani sau ɗaya. Ciyawa ce da ruwa, kuma ban san ko gwiwar nan za ta kai ni lokacin da zan ɗora kwano a kai ba.

Wata biyu ina juya maganar rantsuwa a raina. Wasu ranakun har in ɗauko waya in nemo lambar liman. Sai aka kira aka ce yarinyar ta sauka, an samu namiji, a ɗakina na gabas aka haife shi. Tsohuwa ta karɓi wayar tana murna, muryarta kamar ta ƙara lafiya.

Bayan suna da kwana biyu na kira yaya. Na ce ya je wajen liman ya ɗaga muryar wayar. Da suka haɗu na ce su ji daga bakina, ba daga bakin kowa ba: ɗaki biyu da filin baya na bar wa ɗan yayana, duniya da lahira. Na ce a gaya wa mai unguwa wannan ce kyautar, ta baya ba kyauta ba ce, kuma ban yafe wa waɗanda suka kai ta ba. Liman ya yi addu'a. Yaya ya karɓi wayar yana ta sa albarka. A ƙarshe ya tambaya ko za mu zo hutu baɗi, ya ce za a gyara mana shagon ƙofar gida.

Na ce masa sai an ga hali.