Na ɗauka baƙin mai sai ya yi baƙi yake da kyau

Shekarata talatin da huɗu mijina ya rasu, ya bar min yara uku da injin markaɗe mai amfani da fetur a zauren gidanmu a Unguwar Shanu. Da injin nan muke ci, da shi yara ke zuwa makaranta. Ni kuwa a lokacin mace ce mai taurin kai, na tsani a ce ban iya ba. Marigayi ne ke kula da injin, ban taɓa tsayawa na ga abin da yake masa ba. Na dai ji yana cewa baƙin mai, don haka da na je saye aka miƙo min wani garai-garai kamar zuma, sai na yi wa mai shagon tatas, wai ya ga mace zai cuce ta. Na koma bakin titi na sayi baƙi wuluk a gora, ina murna na yi dabara. Ashe wanda aka juye daga motoci ne. Wata bakwai ina ɗura shi, ban taɓa zubar da na ciki ba.

Muna da maƙwabci, dattijo, tsohon direban gwamnati, wanda muka taɓa samun saɓani da shi kan ƙarar injin. Wata rana ya aiko matarsa ta gaya min cewa kukan injina ya canza. Na ɗauka habaici ne, na ce ta faɗa masa idan ya gaji ya toshe kunne. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Bayan kwana uku, ina tsakiyar markaɗen waken biki, injin ya fara hayaƙi yana ƙwanƙwasa. Sai ga dattijon da sallama, ko takalmi bai tsaya sakawa ba, ya ce don Allah 'yata ki kashe shi. Ya kwance ƙasan injin, man ya fito da kauri kamar kunu, da garin ƙarfe a ciki. Ya ce da na ƙara awa ɗaya da injin ya buga. Na zauna a ƙasa ina kuka.

Bai tuna min abin da na ce ba. Ya zauna ya koya min yin juyen baƙin mai a kan lokaci, da wanke fulogi, da kakkaɓe filtar iska, da barin injin ya huta idan ya yi zafi. Shekara shida ke nan injin na aiki, babbar 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare. Dattijon nan ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa, kullum yana cikin addu'ata.

'Yan'uwana mata masu injin sana'a, ku tambaya, rashin sani ya fi dare duhu. Ku riƙa duba mai, ku juye shi kafin ya lalace. Kuma idan wanda kuke ganin ba ya ƙaunarku ya kawo muku gargaɗi, ku saurara kafin ku mayar da martani. Ni saura ƙiris bakina ya raba 'ya'yana da abincinsu.