Ƙofar da Likita Ya Buɗe a Cikin Malam

Malam, mijina, ya dawo daga asibitin Sakkwato da ƙofa a gefen cikinsa. Hanjinsa ne ya toshe, likita Bature ya yanka, ya fito da bakin hanjin ta hagun cibiya, ya ce ta nan bayan gida zai riƙa fita har ƙarshen rai. A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna.

Ranar da na fara kwance ƙyallen da aka ɗaure wurin da shi, sai da na kau da kai. Abin ja ne jawur, a jiƙe, yana motsi shi kaɗai kamar bakin kifin da aka fitar daga ruwa. Ni da ko yankan kaza ba na iya kallo. Tsoro na ji ƙwarai, amma wa zan bar wa? Na koyi wanke shi da ruwan ɗumi, in shafa man kaɗe a gefe don kada fatar ta ci, in ɗora auduga, in kife ɗan ƙoƙo, in ɗaure da tsohon rawani. Tsummokaran kuwa binne su nake a bayan ɗaki, don ba a yar da abin da ya fita daga jikin mutum inda ido zai gani.

Abin yana da murya. Muna zaune da hantsi, bakin Malam a rufe, sai ya yi gurnani a ƙarƙashin riga. Malam ya bar limancin unguwa, ya ce ciwon ƙafa ne. Ko ƙannensa na Kalgo ba su sani ba. Ni ma na yi gum, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wata rana ina ɗaure masa, ya riƙe hannuna.

"In na cika, ke za ki yi min wanka. Littahi ya yarda mata ta wanke mijinta. Kada kowa shi ga wanga abu."

"Malam, mi mutane za su ce?"

"Su ce."

Da kaka ya cika, bayan azahar. Ƙannensa suka iso daga Kalgo, babbansu har ya naɗe hannun riga. Na tare bakin ƙofa, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba.

"Wasiyya ya bari," na ce.

"Mace da wankan namiji, nan Gwandu?" in ji shi.

Sai da sabon liman ya ce lallai akwai shi a littafi, sannan suka ja da baya suna gunaguni.

Na saki asabari, na kwance rawanin. Abin ya koɗe, ya kwanta shiru. Na kai auduga zan toshe shi yadda ake toshe kafofin gawa, sai ya buɗe, ya saki doguwar iska mai ɗumi a tafin hannuna, irin ajiyar zuciyar da Malam kan yi in na gama ɗaure masa.

Daga waje ƙanen ya ce, "Wa ke ciki tare da ke?"

"Ba kowa," na ce, na danna audugar.