Dangwalen Da Na Tara Don Takarar Kansila

Assalamu alaikum Edita. Na sha ɗaukar biro in ajiye, yau dai na daure, ko wani zai tsira daga abin da na faɗa.

A lokacin ina sayar da irin shuka da maganin ciyawa a wani ƙauye da ke bayan Sheda. Mahaifina daga arewa ya zo cirani ya zauna, amma ni a nan aka haife ni, a nan kuma na auri 'yar Gbagyi. Saboda ɗan bokon da na yi, duk wanda aka aiko wa takarda ni yake kawo wa in karanta masa, Musulmi da Kirista da masu gargajiya. Muna da ƙungiyar gari da ke zama duk ranar kasuwa, da ita muka gyara kwalbati, muka yi wa ɗakin shan magani rufi. Damuwarmu ɗaya ce: duk kansilan da muka zaɓa, daga ranar rantsuwa ba ma sake ganinsa. Sai dattawa suka ce in fito takara, da sharaɗin ba zan yanke komai ba sai na kawo shi zaman gari an tattauna. Na amsa, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na amsa.

Ashe son jama'a daban, tikitin jam'iyya daban. Aka haɗa ni da wani jigo mai ofis a unguwar Utako cikin birni, wanda kowa ke ce wa oga. Na rufe shago a tsakiyar lokacin shuka na yi ta sintiri, in zauna a benci tun safe har la'asar a ce mini ya fita. Ranar da ya yarda ya gan ni, ya ce ya ji ana yabona, amma a kawo masa shaida: sunan kowane magidanci da dangwalensa. Na tambayi abin da zan rubuta a saman takardar, ya ce in bar wurin fili, sakatarensa zai buga da Turancin da ya dace. Ni da nake karanta wa mutane takardu, na san ba a yin haka. Amma a ranar na ga abokin hamayyata yana fitowa daga ofishin yana dariya, kuma kwanakin fid da gwani sun matso. Na ce to.

Ban kai maganar zaman gari ba, don na san akwai wanda zai yi tambayar da ba ni da amsarta. Gida-gida na bi, gona-gona, da tawada a aljihu. Surukina ne ya fara dangwalawa. Na soma yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce tunda ni ne, ba sai an karanta ba. Liman ya yi sanarwa, fasto ma ya yi. Cikin mako guda na cika takardu, na kai su Utako da hannuna, ko hoto ban ɗauka ba.

Ranar fid da gwani aka ce an yi masalaha, aka ba wani daban. Na dawo gida da kunya, ina ganin iyakar abin ke nan. Wajen ƙarshen damina, doya ba ta gama nuna ba, sai ga mutane da na'urar awo suna kafa duwatsu a gonakin bakin rafi, katafila na biye da su. Gari ya fito. Shugaban masu awon ya zaro takarda ya ce mu muka yarda. Kamar yadda aka saba, sai dattawa suka ce a kira ni in karanta. Shafin farko ya ce mutanen gari sun sallama wa wani kamfanin gina gidaje gonakin, kuma ba su da sauran magana. Na buɗe shafi na biyu, sai ga rubutuna, ga sunan surukina a layin farko. Ashe dangwalen da na tara ne aka liƙa wa wancan shafin a gaba.

Babu inda ban buga ba. Na durƙusa gaban direban katafila ina roƙo a bar mutane su tone doyarsu, ya ce shi aiki aka sa shi. Na garzaya Utako, mai gadi ya ce oga ya yi tafiya. Na koma washegari, na sake komawa, har ya daina buɗe mini ƙofa. Waya kuwa ba ta shiga. Na samu lauya a Gwagwalada, na yi rantsuwa a rubuce cewa ni na tara dangwalen kuma ba don fili na tara ba. Shari'a na nan, ana ta ɗagawa, katanga kuma ta riga ta zagaye wurin.

Matasan gari suka ce sayar da su na yi. 'Yan uwana Hausawa suka ce na ja musu baƙin jini a wurin da iyayenmu suka zauna lafiya. Ƙungiya ta watse, shagona ya koma babu mai leƙowa. Matata ba ta yi yaji ba, amma ta daina kallon idona. Surukina kuwa bai zage ni ba. Ranar da aka ture kunyoyinsa ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne idonmu. Yanzu wa zai duba mana?" Mutumin da ya ciyar da gida guda daga gonar kakansa, yau ƙodago yake yi a gonar wasu.

Na yi ta gaya wa kaina cewa yaudarata aka yi. Gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Na ga alamar, na kau da kai, saboda a lokacin kujerar ta riga ta fi mutanen girma a zuciyata. Ina roƙon duk mai neman wakiltar jama'arsa, ranar da ka ji kana ɓoye musu wani abu don kada su hana ka, ka tsaya nan. Jama'a kuma kada ku ɗora yatsa a kan takardar da ba a karanta muku daga sama har ƙasa ba, ko da ɗan cikinku ne ya kawo ta.

Ku taya ni addu'a. Har yau ban iya neman gafarar tsohon nan ba. Duk lokacin da na durƙusa zan fara, sai ya riga ni, ya tambayi lafiyar jikokinsa.