Mushe Anya da Turmin Innata

Duk wanda ya yi kwaleji a Tanut ya san hannun nan da Mushe Ilu, malaminmu na tarihi, ke kaiwa haɓa kafin ya ce, "Anya!" (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci.) Ko sannu ka yi masa sai ya duba bayanka. Ni na laƙa masa Mushe Anya, Allah Ya yafe mini.

Darasin ƙaura shi ne ransa. Kowace al'umma aka ambata, tambaya biyu gare shi: "Me ya kore su? Me ya kira su?" Wata rana ya ce kowa ya tambayo yadda kakanninsa suka zo Damargu. Muka dawo, kowa kakansa maharbi ne, barewa ya biyo har ya kafa gari.

"Kai! Barewar nan ba ta hutawa?" in ji Mushe. "Ku koma ku tambayi tsofaffin mata, ku ji ko yunwa ce, ko haraji, ko faɗan gado."

Kakata ta ce haraji ne, amma in na faɗa a lakwal, wato makaranta, kada in sake ci mata tuwo.

Aka kawo mana sabon darakta daga Yamai, ya tara mu yana cewa shi ya roƙi a turo shi, don ƙaunar Damargu. Muka ji daga layin malamai, ba a hankali ba: "Anya! Me ya kore shi?"

Shekarar da fari ya sake dawowa, benci ya riƙa yin fili. Kowa "ya je gaida kawu a Kano". Dabbobinmu suka ƙare a kwarin Tarka, babana ya ce mu ma kudu za mu. Ni kuwa har da murna, na gaji da boko, ga jarrabawar fita ta matso. Na dubi idon Mushe na ce biki za mu Zinder, jibi ina nan.

"Allah Ya sa alheri, Habu," ya ce. Ko haɓa bai taɓa ba. Na ce yau na ci Mushe!

Da muka je shiga mota, ashe yana tasha. Ya zaga motar a hankali, ya tsaya.

"Maigida, ina kwana? Biki za a je?"

"Biki, Mushe," in ji babana.

"Madalla. Gidan bikin ba su da turmi ne?"

Ga turmin innata ɗaure a saman kaya, har da taɓarya. Babana ya sunkuyar da kai. Mushe ya rage murya: "Abin da ya kore ku na san shi, ba abin kunya ba ne. Amma wannan yaron ba abin da ke kiransa can sai dako. Bar mini shi."

A gidansa na zauna har na ci jarrabawar. Kullum muka dawo daga lakwal sai ya kulle takalmina a akwati, wai ƙafata ba ta yi masa kama da mai zama ba. Bai yi ƙarya ba, sau da yawa na leƙa hanyar tasha. Godiya kuwa ban yi masa yadda ta kamata ba, ga shi yanzu Allah Ya yi masa rasuwa.

Mushe, wannan tafiyar taka dai ba abin da ya kore ka, kiranka aka yi. Allah Ya sa masauki ya fi nan, Ya ba ka abin da ba za ka ce masa anya ba. Amin.